Shekarar Farko a Iowa: Ɗalibin da Ya Yi Ta Jira a Sake Tambayarsa

Ba zan ambaci sunan yaron nan ba, haka ma jami'arsa, domin da wannan sharaɗi ya yarda in rubuta. Na riga shi zuwa garin da shekara biyar, ina karatun digiri na uku, ina zaune da iyalina. Abin da ya faru kafin mu haɗu daga bakinsa na ji, da takardun da ya nuna mini. Abin da ya biyo baya kuwa a gabana aka yi.

## Kafin tafiya

Ɗan wani gari ne a kudancin jihar Katsina, ƙasar masara da auduga. Mahaifinsa ɗan kasuwar hatsi ne, yana taɓa noma. Yaron ya gama sakandaren kwana da sakamako mai kyau a WAEC, ya sauke Alƙur'ani, Turancinsa na rubutu kuma ba laifi. Shaida ɗaya malamansa suke yi masa: mai ladabi ne, ba ya haɗa ido da babba, ba ya magana sai an tambaye shi.

Yana da shekara 19 wata jami'a a jihar Iowa da ke Amurka ta ɗauke shi karatun ilimin noma, ta yafe masa wani kaso na kuɗin makaranta muddin sakamakonsa bai faɗi ba. Ragowar a wuyan mahaifinsa, Alhaji, yake. Aka aiko masa takardar I-20, wadda makaranta ke ba baƙon ɗalibi don neman biza, ya biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar baƙin ɗalibai ta gwamnatin Amurka, da dala 185 na neman biza, kuɗin da aka ƙara daga 160 a watan Yunin 2023. A cikin wannan watan ne Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 750 a farashin gwamnati. Lissafin da Alhaji ya yi a watan Mayu ya rushe tun kafin a sayi tikitin jirgi. Bai fasa ba. Ya fitar da buhunan da ya ajiye yana jiran tsada, ya sayar. Yaron yana tsaye aka loda su a mota, kuma da wannan nauyin ya tafi.

Shirin da aka yi masa na kaya ne: rigar sanyi daga 'yan gwanjo, yaji, garin kuka, kuɓewa busasshiya, da kilishi, wanda jami'an kwastan suka karɓe a filin jirgin Chicago saboda ba a shiga da nama. Yadda ake zaman aji a can, da yadda ake hulɗa da malami, ba wanda ya faɗa masa, don a gidan ba wanda ya sani. A wannan shekarar karatu 'yan Najeriya da ke karatu a Amurka sun haura 20,000, amma Hausawan da ke garin da ya sauka ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma bai san da zamanmu ba.

## Agusta da Satumba 2023: makonnin farko

Ya sauka cikin zafi. A makon da aka fara karatu ma'auni ya doshi 100 a lissafinsu na Fahrenheit, wato kusan digiri 38 a namu. Ya kira gida ya ce sanyin da ake ta ba shi labari zuki-ta-malle ne.

An yi wa baƙin ɗalibai mako guda na gabatarwa. Bayani aka yi musu tuli, da sauri, da karin harshen da kunnensa bai saba da shi ba. Ya ce rabi ya kama, sauran ya gyaɗa kai. Ya ɗauki kwasa-kwasai huɗu masu kiredit 14 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas): kimiyyar sinadarai, lissafi, koyon rubutu, da gabatarwa ga ilimin noma. Dokar bizar ɗalibai ta F-1 ba ta yarda ɗalibin digirin farko ya yi ƙasa da kiredit 12 a zango ba.

Abubuwa da yawa sun burge shi, kuma har yau yana faɗar su da daɗi. Wuta ba ta ɗaukewa. Ɗakin karatu a buɗe har dare. Mota tana tsayawa mai ƙafa ya tsallaka. Wanda ya riga ka isa ƙofa yakan riƙe maka ita ko bai san ka ba. Ya taɓa yar da walat ɗinsa a motar ɗalibai, washegari aka kira shi ya karɓa, ko sisi ba a taɓa ba.

Gaisuwa ce ta fara ɗaure masa kai. Wata safiya wata dattijuwa mai aikin tsabta a ginin kwanansu ta yi masa murmushi, ta tambaye shi yaya yake. Ya ja ya tsaya, ya ɗan rusuna, ya fara amsawa, yana shirin ya tambaye ta kwanan gida da gajiya da yara. Kafin ya ƙarasa jimlar farko ta kai bakin ƙofa. Ya wuni yana neman laifin da ya yi mata. Sai daga baya ya lura kowa haka yake yi: tambayar ita ce gaisuwar, ba a tsayawa jiran amsa.

Abokin ɗakinsa Bature ne, ɗan manomi daga wani ƙauye a jihar, mai fara'a. Sai dai yakan shigo da abinci ya zauna ya cinye a gabansa ba tare da ya ce masa bismilla ba, kuma abin da ke cikin ɗan firjinsu kowa ya san nasa. Yaron ya ɗauki hakan rowa, ko kuma ƙyama. A ɗakin cin abinci kuma tsoro ya hana shi sakewa. Iowa ita ce ta ɗaya a Amurka wajen kiwon alade, kuma naman yana shiga wuraren da ba ka zata ba: a kan fiza, a cikin wake, a yayyafe kan ganye. Ga ma'aikata a tsaye waɗanda aikinsu ke nan su amsa irin wannan tambayar, amma kunya ta hana shi. Ya taƙaita kan shinkafa, ƙwai, burodi da soyayyen dankali. A kanti ya ga farashin da ke jikin kaya daban, wanda ake karɓa a wurin biya daban, saboda sai a can ake ɗora haraji. Ranar farko da ya ci abinci a waje bai san cewa ana barin wa mai kawo abinci tukwicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba, sai da ya ga fuskarta ta sauya.

Ranar Asabar garin yakan koma launi ɗaya saboda ƙwallonsu wadda ake runguma a hannu. Tun safe ake gasa nama a bayan motoci, giya tana yawo duk da doka ta ce sai mai shekara 21. Asabar biyu a jere abokin ɗakinsa yana cewa ya zo su je. Ya ce a'a, ya gode. Ba a sake yi masa tayi ba.

## Oktoba: inda karatu ya fara tsagewa

Ranar farko kowane malami ya raba takardar tsarin kwas, wadda ta jera abin da za a yi mako-mako da yadda za a raba maki. Ya saka su a jaka bai karanta ba. Shi abin da ya sani daga gida shi ne jarrabawar ƙarshe ita ce komai, sauran share fage ne. A kwas ɗin sinadarai kuwa jarrabawar ƙarshe kashi ɗaya ce kawai cikin huɗu. Ragowar makin yana cikin aikin gida da ake turawa ta intanet, wanda ƙofarsa ke rufewa ƙarfe 11:59 na dare, da ƙananan gwaje-gwaje, da rahoton ɗakin gwaji. Kafin ya ankara an rufe aiki biyar.

A ajin rubutu ana ba da maki don magana a aji. Ɗalibai suna kiran malamar da sunanta tsura, suna katse ta, suna ce mata ba su yarda ba, wani ma ƙafarsa a kan kujera. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai. Ya zauna a baya, idonsa a ƙasa, yana rubuta duk abin da ta faɗa. Da aka ba su rubutun farko ya yi abin da ya saba samun yabo a kansa: ya nemo abin da masana suka faɗa, ya kwafo shi daidai, ba ragi ba ƙari. A wurinsa wannan amana ce, irin ta mai hadda da ba ya sauya ko wasali. Manhajar da ke duba satar rubutu ta nuna sakin layi uku ba nasa ba ne. Malamar ta ba shi sifili, ta aiko masa saƙon imel cewa ya zo ofishinta a lokacin ganin ɗalibai.

A makarantar da ya fito, kiran ofis yana nufin bulala ko kora. Bai je ba, bai kuma amsa ba.

Akwai kuma Juma'a. Ajinsa na ɗakin gwaji ya faɗo ranar Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Akwai wasu rukunan a wasu ranaku, kuma a makon farko da ya nema da an sauya masa cikin minti biyar. Bai san ana nema ba. Tun daga Agusta har ƙarshen Nuwamba bai sami Juma'a ko ɗaya ba, shi ya sa ma ba mu haɗu ba.

## Abin da ya gwada shi kaɗai

Da sakamakon tsakiyar zango ya fito da muni, maganin da ya sani ya ɗauko: ƙarin karatu. Ya koma kwana a ɗakin karatu yana haddace babi-babi. Bai taimaka ba, domin tambayoyin ba na maimaita littafi ba ne, kuma makin da ya zube a aikin gida ba hadda ke dawo da shi ba.

Sai ya koma waya. Ranar 5 ga Nuwamba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, tazarar da ke tsakaninsa da gida ta tashi daga awa shida zuwa bakwai. Ƙarfe ɗayan dare a Iowa ƙarfe takwas ne na safe a Katsina, lokacin da Umma ta gama aikin safe, ƙanne suna hayaniya. Yakan zauna a matakalar bene da WhatsApp har ƙarfe uku yana jin muryoyinsu. Ko sau ɗaya bai ce musu akwai matsala ba. Ajin ƙarfe takwas ya fara wuce shi. Rana kuma ta gajarce, kafin ƙarfe biyar an yi magariba, sai ya zama yakan tashi ya tarar da ragowar hasken awa huɗu ko biyar.

Ya yi tunanin ajiye kwas ɗin sinadarai. Wani ɗalibi ya gaya masa idan ya cire kiredit 4 daga 14 saura 10, bizarsa za ta shiga matsala. Gaskiya ne, amma akwai ofishin baƙin ɗalibai da doka ta ba ikon rage wa ɗalibi nauyi a wasu yanayi, ciki har da wahalar sabo da tsarin koyarwa a zangon farko. Nan ma bai taka ba.

## 23 da 24 ga Nuwamba

Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce ranar bikin godiya na Amurkawa, ranar da kowa ke komawa gida a ci talo-talo da dangi. Mako biyu kafin ranar abokin ɗakinsa ya ce mahaifiyarsa ta ce ya taho da shi ƙauye. Yaron yana so, har ya fara tunanin rigar da zai saka. Amma ya amsa yadda aka koya masa: kada su wahalar da kansu, ba komai, zai zauna. Ya jira tayi na biyu da na uku, wanda a gida a nan ne mutum yake karɓa. Abokin ya ce to, ya ɗauki jakarsa ranar Laraba ya tafi.

Ginin ya zama kufai. An rufe ɗakin cin abinci, kantuna ma yawanci a rufe ranar Alhamis. Biskit da shayi ya sha kwana biyu.

Juma'ar ba karatu, sai ya nemi masallacin garin a waya ya tako da ƙafa. Ƙaramin masallaci ne, tsohon gida da aka gyara. Bayan an sallame na hango wani siririn yaro a sahun baya, da hula zanna da kaftani a ƙarƙashin rigar sanyin da ba ta kai ta kawo ba. Na matsa na ce, "Malam, barka da Juma'a. Daga wane gari?" Ya kalle ni kamar bai ji ba. Ya buɗe baki zai amsa, sai hawaye. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, yana ta cewa, "Yaya, yi haƙuri, yi haƙuri."

Na tafi da shi gida. Maiɗakina ta tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Ya ce wallahi a ƙoshe yake. Ba ta ko kula shi ba, ta ajiye masa kwano a gaba ta ce, "Wanke hannu." Malmala uku ya ci. Da ta tambaye shi rabonsa da abinci mai zafi, ya ce tun Laraba da rana.

## Disamba: abin da na gwada, da sakamakon farko

Abin da na yi shi ne abin da kowane Bahaushe zai yi. Na ce kowace Juma'a da yamma zan ɗauko shi ya kwana biyu a wurinmu. Na kai shi kanti muka sayi takalmin ƙanƙara da rigar sanyi ta gaske. Ya murmure, ya fara dariya, yarana suka saba da shi suna kiransa Kawu. Duk zuwa nakan tambaye shi ya karatu, ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, lafiya lau." Ni kuma in ce madalla.

Sakamako ya fito bayan tsakiyar Disamba: B a lissafi, C a ilimin noma, D a sinadarai, D a rubutu. A ma'auninsu da ke tsayawa a 4.0 ya sami 1.79. Ƙasa da 2.0 yana nufin zaman gwaji: zango ɗaya a gyara, ko a dakatar da mutum. Wata wasiƙar kuma ta ce tallafinsa yana kan siraɗi.

Alhaji ya kira ni, domin na riga na gaishe shi ta wayar yaron. Ya ce, "Malam, don Allah ka shiga makarantar nan ka karɓo mini sakamakon yaron nan, sai kwana-kwana yake mini." Na yi masa bayani cewa akwai dokar tarayya ta 1974, ana kiranta FERPA, wadda ta hana jami'a ba kowa sakamakon ɗalibi sai da izininsa, ko da mahaifin da ke biyan kuɗin ne, in ban da wasu 'yan yanayi. Ya yi shiru, ya ce ikon Allah. Kwana uku yaron ya yi kafin ya iya faɗa masa da bakinsa. Ina zaune a gefe. Alhaji bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ni ban tura ka don ka hallaka kanka ba. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, gona tana nan." Yaron ya ce zai iya.

A daren na ce ya buɗe mini imel ɗinsa na makaranta. Saƙo huɗu muka tarar daga malamar rubutu. Na farko shi ne kiran da ya tsorata shi. Na biyu ta ce ta lura ɗalibai daga wasu ƙasashe sukan zo da wata fahimta dabam game da kwafo maganar masana, tana so su zauna ta nuna masa. Na uku ta tambaya ko lafiya. Na huɗu ta ce in ya zo kafin 1 ga Disamba za ta bari ya sake rubutun, ta goge sifilin. Ukun ƙarshe ko buɗe su bai yi ba. Akwai wasu biyu daga mai ba shi shawara kan karatu, su ma a rufe.

## Janairu da Fabrairu 2024

An koma karatu cikin sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Guguwar dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, ma'auni ya yi ƙasa da sifili da fiye da digiri 20 a lissafin Celsius, har zaɓen fidda gwani na jam'iyyar Republican da aka yi a jihar ranar 15 ga Janairu ya zama mafi sanyi a tarihin wannan zaɓe. A cikin wannan makon muka fara.

Na raka shi wurin mai ba shi shawara, amma a bakin ƙofa na tsaya. Suka tsara kiredit 13: ya maimaita sinadarai da rubutu, ya ƙara ilimin ƙasar noma da ƙididdiga. Ya nemi rukunin ɗakin gwaji na ranar Talata, aka ba shi nan take. Muka zauna da takardun tsarin kwas huɗu da kalanda, muka kwashe kowace ranar miƙa aiki muka rubuta, guda-guda. Waya da gida ta koma Asabar da Lahadi da safe, lokacin da can la'asar ta yi. Umma ba ta ji daɗi ba da farko, sai da ya gaya mata dalili.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa, shi ne mafi wuya: kafin mako na uku ya shiga ofishin kowane malami da tambaya ɗaya a rubuce a takarda. Wurin malamar rubutu ya fara, don ita ce ta sake ɗaukar ajin. Ya ce minti goma ya yi a tsaye a bakin ƙofa, ƙofar kuma a buɗe take. Da ta gan shi ta miƙe, ta ja masa kujera, ta ce ya koya mata yadda ake faɗin sunansa daidai, ta maimaita har sau uku. Ya karanta tambayarsa daga takarda, hannunsa yana rawa. Bayan ta amsa sai ta ce masa ita ta ɗauka bai damu da ajin ba ne, tunda ba ya kallonta, ba ya magana, ba ya amsa saƙo. Ya ce mata a garinsu wanda ya ƙura wa malami ido shi ne marar kunya. Ta ajiye alƙalami ta ce ya ƙara mata bayani. Daga nan ta haɗa shi da cibiyar koyon rubutu, inda ɗalibai 'yan'uwansa ke duba aiki kyauta, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako. A can ya koyi yadda ake kawo maganar masani, a faɗi mai ita, sannan mutum ya ce ga nasa ra'ayin.

Aiki ma ya nema. Biza ta ba shi damar aiki a cikin makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu. Ya ɗauki awa 10 a ɗakin gilashin da ake rainon tsire-tsire. Kuɗin ya zo a kan gaɓa, domin a watan Fabrairu dala ta haura naira 1,500. Amma abin da ya fi kuɗin shi ne wata rana da mai kula da wurin ya ambaci ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye masara da dawa, ya ce shi a littafi kawai ya san ta. Yaron ya ce shi da hannunsa ya sha cire ta a gonar babansa. Ya yi minti ashirin yana bayani: yadda take kama saiwa tun kafin ta fito, yadda gonar da ta gaji ta fi fama da ita, yadda manoma ke sauya shuka da waken suya ko gyaɗa. Tun da ya zo ƙasar bai taɓa yin magana mai tsawon haka da Turanci ba, kuma mutum uku ne suka tsaya suna saurare.

Da abokin ɗakinsa kuwa, wani dare ya daure ya tayar da zancen bikin godiya. Abokin ya ce mahaifiyarsa har ta fasa dafa naman alade a ranar, ta gyara masa gado, amma shi ya ce ba zai zo ba, kuma bai so ya takura masa. Yaron ya ce a wurinsu a'a ta farko ladabi ce. Abokin ya dafe kai. Suka yi yarjejeniya: shi zai riƙa faɗin abin da yake so tun a karon farko, abokin kuma in ya ji a'a zai sake tambaya sau ɗaya.

Ba komai ne ya yi aiki ba. Mai ba shi shawara ta tura shi wurin masu sauraron damuwar ɗalibai. Da ƙyar ya je, yana cewa shi ba taɓin hankali gare shi ba. Sau biyu ya zauna ya daina. Ya ce ba zai iya zazzage wa baƙuwa cikinsa ba. Ban matsa masa ba. Magana a babban aji ma har ƙarshen zangon ba ta zo masa da sauƙi ba, sai dai ya rubuta abu ɗaya tun daga ɗaki ya faɗa. Sunan malama tsura kuwa bakinsa ya ƙi. Farfesa yake ce mata, ita ma ta bar shi a haka.

## Maris da Afrilu: azumi

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, kwana ɗaya bayan an tura agogo gaba. Ana kai wa awa 13 a farkon watan, ya doshi 14 da rabi a ƙarshensa. Wannan karon da kansa ya je wurin shugaban ɗakin cin abinci ya ce yana bukatar abin sahur. Aka riƙa ɗaure masa a kwali kowace yamma, aka kuma nuna masa alamar da ke jikin kowane abinci, wadda take nan tun Agusta. Ya shiga ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda asalinta aka kafa a Jami'ar Illinois a 1963, suna buɗa-baki tare da 'yan Pakistan, Sudan, Malesiya da Amurkawa. Da su ya je garin Cedar Rapids da ke jihar ya ga masallacin da 'yan ci-rani daga Siriya da Labanan suka gina a 1934, wanda ake kira uwar masallatan Amurka. Ya ce bai taɓa zaton an yi shekara casa'in ana kiran salla a tsakiyar gonakin masaran nan ba.

Salla ta kama Laraba, 10 ga Afrilu. Mako biyu kafin nan ya rubuta wa malamansa cewa ba zai zo ba, aka matsar masa da gwaji ɗaya zuwa Alhamis. Ya saka babbar riga ya bi titi. Wasu suka tsayar da shi suna yaba ɗinkin. Wani kuma ya leƙo daga mota ya yi masa ihun ya koma inda ya fito. Da dare ya ba mu labarin duka biyun, kuma na ga na biyun ya taɓa shi fiye da yadda ya nuna.

## Mayu: sakamako

A farkon Mayu, lokacin shuka, ya je ƙauyen su abokinsa. Kakan gidan ya hau da shi motar shuka mai bin tauraron ɗan'adam, ya nuna masa rumbunan ƙarfe. A Iowa hekta ɗaya takan ba da kimanin tan 12 na masara, a Najeriya matsakaici bai wuce tan 2 ba, kuma yaron ya cika shafi shida da tambayoyi. Da karen gidan ya nufo shi ya faɗa musu kai tsaye cewa ba ya so ya taɓa masa tufafin salla, suka fitar da shi ba wani ɓacin rai. A wurin cin abinci uwar gidan ta tambaye shi ko a ƙara masa. Ya ce e.

Sakamakon zango na biyu: A a ilimin ƙasar noma, B a sauran ukun, wato 3.23. Jami'arsa tana maye gurbin makin kwas ɗin da aka maimaita, don haka jimillarsa ta koma 3.0. An cire shi daga zaman gwaji, tallafinsa ya tsira. Asarar ita ce kiredit 7 da Alhaji ya biya sau biyu a shekarar da naira ta fi faɗuwa. Bai je gida hutu ba saboda tsadar tikiti. A ɗakin gilashi ya yi bazarar.

## Abin da na fahimta

Masana sun daɗe da ba wannan hali suna. Sverre Lysgaard a 1955 ya yi nazarin 'yan Norway da suka yi karatu a Amurka, ya ce baƙo yakan fara da murna, ya faɗa rami, sannan ya fito. Kalervo Oberg a 1960 ya yi rubutu kan gigicewar shiga baƙuwar al'ada. Siffar ta yi daidai da yaron nan, amma ban yarda cewa lokaci ne ya fito da shi ba. Da an bar shi da lokaci, da zango na biyu ya zama kamar na farko, da yanzu yana gida da kunyar da ba tasa ba ce.

Turanci, sanyi da naman alade duk sun wahalar da shi, amma kowannensu yana da magani a kusa, wani ma a ƙasan benensa. Abin da ya raba shi da maganin shi ne tarbiyyar da muke alfahari da ita. An rene shi a inda babba ke lura da yaro, inda shiru kansa magana ne, inda in ka ce ka ƙoshi ake ajiye maka kwano. Ya zo inda aka tanadi taimako iri-iri, amma aka bar wa mutum ya nema da bakinsa, saboda a ganinsu matsa wa mutum bayan ya ce a'a raini ne ga hankalinsa. Malamarsa da abokin ɗakinsa duk mutunta shi suke yi da irin tasu, shi ma yana mutunta su da irin tasa, kowa kuma yana karanta ɗan'uwansa a juye. Abin da ya yi aiki a zango na biyu duk iri ɗaya ne: tambaya a takarda, sauyin rukunin Juma'a, kwalin sahur, e ɗin da ya ce a teburin cin abinci. Kunyarsa tana nan, bai zubar da ita ba, kuma ba na fata ya zubar.

Ina ganin jami'ar da ke karɓar kuɗin baƙin ɗalibai ya kamata ta wuce aika imel idan saƙo shida sun tafi ba amsa. Mutum ɗaya da zai ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsa a watan Oktoba ya isa. Amma kasona ya fi damuna. Ni na san gidan da ya fito, na san abin da "lafiya lau" ke ɓoyewa a bakin yaro irinsa, domin ni ma na faɗe ta a shekarata ta farko. Ranar 24 ga Nuwamba ya ci tuwo a gidana. Wa'adin da malamar ta ba shi na sake rubutun 1 ga Disamba ne, mako guda cif, kuma wayar da saƙon yake ciki tana ajiye a kan tabarmata, kusa da kwanon.